A Wanke Ta Tas

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Mahuta, ina da wata baƙar laftof da na saya ta hannu a wajen wani abokin aikina. Tsohuwa ce tukuf. In ka kunna ta, sai ka je ka yi alwala ka dawo kafin ta gama buɗe ido, fankarta kuma tana gurnani kamar injin markaɗe. Amma a gidanmu da ke Nasarawa, ita ce ta mayar da ni babban mutum. Mahaifiyata ba ta kiran sunana saboda ni ne ɗan fari, don haka tun ranar da na kamo mata wata tashar rediyo a wayarta ta laƙaba mini Injiniya. Ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu. Gaskiyar magana, ilimina na kwamfuta bai wuce a kashe a sake kunnawa ba, amma wa zai tona?

Darajar laftof ɗin nan ba a jikinta take ba. A cikinta akwai muryar mahaifina.

Baba tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, ya yi aiki har ranar da aka rufe ƙofa. Mutum ne da ba ya son surutu, in ka samu kalma biyar a bakinsa ka yi sa'a. Amma a ciwonsa na ƙarshe, da ya daina fita, sai bakin ya buɗe. Bayan la'asar nakan ajiye wayata kusa da shi a kan tabarma, ya yi ta zuba. Yadda ya shigo Kaduna a jirgin ƙasa da 'yar jakarsa, yadda jiniyar masaƙa ke tashin unguwa gaba ɗaya, danginmu na ƙauye wa ya haifi wa. Na kuma ɗauki karatunsa na Suratul Kahfi daga farko har ƙarshe, da muryar nan tasa mai ɗan rawa. Bayan rasuwarsa na kwashe duka na zuba a laftof. Wayar daga baya ta faɗa a bokiti, memorin da na yi kwafi a ciki shi ma ya daina buɗewa, ina ta shirin sayen wani. Ya zamana duk duniya a wuri ɗaya kawai za ka ji Baba.

Kowace Juma'a da sassafe, kafin in tafi makaranta, Umma takan shimfiɗa darduma a falo ta ajiye kofin shayinta a gefe. Ba ta taɓa cewa in kunna mata karatu ba. Sai dai ta ce, "Injiniya, kira mini Malam." In kunna Kahfin, ta zauna tana bin sa a hankali da leɓenta har ya idar. Ranar ko gishiri ka zuba mata a shayi ba za ta yi faɗa ba.

To, laftof ɗin ta daɗe tana damuna da wani saƙo, wai in yi mata afdet, wato a sabunta manhajar da ke tafiyar da ita. Kullum sai in danna mata sai an jima. Wata Laraba na dawo daga makaranta, ga wuta, ga data na cika waya, sai na ji wani ƙarfin hali. Na ce bari yau in yi wa tsohuwar nan gata. Na danna.

Da farko komai lafiya. Ta sauke abin da za ta sauke, ta kashe kanta, ta sake tashi. Allon ya koma shuɗi, wasu 'yan ɗigo suka fara zagaye a tsakiya, ga rubutun Turanci a ƙasa yana gargaɗi kada a kashe ta. Lamba ta fara hawa. Da ta kai kashi talatin sai ta ja ta tsaya.

Na je na yi la'asar na dawo, talatin. Na ci tuwon da ya rage na wanke hannu, talatin. Na jawo kujera na zauna a gabanta na zuba mata ido kamar mai jinya. Umma ta zo wucewa da tsintsiya ta leƙa.

"Injiniya, me take ta juyawa haka?"

"Ilimi ake ƙara mata, Umma."

"To Allah ya ba da sa'a. Da alama dai darasin ya yi mata wuya."

Ba ta rufe baki ba aka ɗauke wuta. Jama'a, batirin laftof ɗin nan ba ya raka ka ko ƙofar gida. Na zabura na yi bayan ɗaki wajen janareta, silifas ɗaya a ƙafa. Na ja igiya, ya yi tari ya yi shiru. Na sake ja, igiyar ta biyo hannuna. Kafin in gama kokawa da shi in dawo falo, allon ya yi baƙi ƙirin. Abin da aka ce kada a yi, shi ya faru.

Da wuta ta dawo na kunna ta da bismillah. Ta tashi, 'yan ɗigon suka yi zagaye, ta rubuta wai tana warware abin da ta fara, sai ta mutu. Ta sake tashi da kanta, ta sake rubuta haka, ta sake mutuwa. Haka ta yi ta yi, ba ta gaba ba ta baya. A nan ne gumi ya fara keto mini, don na tuna wanda ke ciki.

Na kira wani abokina, ɗan Binuwai ne, yana sayar da kayan waya a bakin titi a Gonin Gora, kuma shi da gaske ya san kan kwamfuta. Ta waya ya yi ta ba ni umarni, ƙarar tireloli na shiga maganarsa. Cire batir. Danne makunnin ka riƙe. Mayar. Danna maɓallan sama tana tashi. Na bi maɓallan nan kaf kamar mai kaɗa molo. Na ƙara da nawa ilimin, na ɗaga ta na hura mata iska ta ƙasa, na ajiye ta a gaban fanka ta sha iska. Ko gezau.

A ƙarshe ya ce, "Mutumina, kwantar da hankalinka. Kayanka suna nan, ƙofar ce kawai ta maƙale. Ranar Asabar ka kawo mini ita, mu ciro ma'ajiyar mu kwashe komai tukuna, sannan mu gyara. Kafin nan ka bar ta yadda take."

Na yi ajiyar zuciya. Washegari Alhamis da zan fita na rufe ta na bar ta a kan tebur, na ce, "Umma, ta ɗan samu matsala, sai Asabar."

Ta ce, "Gobe fa Juma'a."

"Na sani, Umma. Wannan satin sai haƙuri."

Ni kuma ban ce mata kada a taɓa ba, don ban ga dalili ba. Matar da ko shara take yi sai ta zagaye teburin nan, wai kada ta danna wani abu ya fashe.

Na dawo bayan la'asar na tarar da ita a falo, ta sha ɗaurin ɗankwali irin na fita unguwa, fuskar nan fal murmushi. Laftof na kan tebur an lulluɓe ta da sabon ƙyalle.

"Injiniya, buɗe ka gani."

Na buɗe na danna. Kafin in gyara zama ta tashi garau, ba shuɗin allo, ba 'yan ɗigo, ko gurnanin babu. Wallahi sai da na yi ihu. Na ce, "Kai, Umma! Ya aka yi haka?"

Ta gyara zama irin na wadda ta ci gasa. "Kai kana nan kana Asabar, Asabar. Na sa ta a jakarta na hau keke napep na kai wa mai gyaran nan na bakin titin Kakuri, wanda ke haya a gidan ƙawata. Kafin azahar ya gama. Har wanke ta ya yi."



"Ya yi me, Umma?"

"Ya wanke ta. Shi ya ce sai an wanke ta za ta tashi. Na ce to wanke ta tas, dama duk ta yi maiƙo." Ta ɗan taɓe baki ta nuna maɓallan da yatsa. "Ko da yake wankin nasa bai fita ba. Sai da na dawo na ƙara bin ta da tsumma."

Ga wanda bai sani ba, a bakin masu gyaran waya da kwamfuta na garin nan, in aka ce za a wanke na'ura, ba ruwa ba sabulu. Ana nufin a goge duk abin da ke cikinta, a zuba mata sabuwar manhaja, ta koma kamar yau aka fito da ita daga kwali. Ni na san haka, duk wani matashi ya san haka. Umma kuwa wanki ɗaya ta sani a duniya.

Na duba inda nake ajiye muryoyin, wurin da na rubuta wa suna Baba. Babu. Na shiga nan, na fita can, na rubuta sunan na nema. Babu. Hoton da ke fuskar allon ma, na Baba a ƙofar gida ranar sallah, an maye shi da wani tsauni da ban san ko na wace ƙasa ba ne. Kunnuwana suka toshe, ina ganin bakin Umma na motsi amma ba na jin ta. Da jin ya dawo, abin da na tsinta shi ne, "Kira mini Malam mana, in ji ko muryar ta ƙara fita."

Ban san yadda na miƙe ba. Na ce mata akwai abin da bai ƙarasa saitawa ba, na tura laftof a jaka na fita.

A cikin keke na tsara duk zagin da zan yi wa mutumin nan. Na faɗa shagon ba sallama. Magidanci ne, mutumin Filato, da tabarau a ɗaure da zare a wuyansa, yana kan wata waya da ya farke. Na dire jakar a gabansa na fara sababi, har masu shagunan gefe suka leƙo. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ajiye abin hannunsa.

"Oga, ka yi haƙuri ka ji. Na ce wa Mama sai dai a wanke ta, ta ce a wanke. Ban tsaya nan ba, na ce Mama, akwai wani abu a ciki? Ta buɗe jakar ta leƙa, ta zura hannu har aljihun gefe, ta ce babu komai sai caja."

Kafin in yi magana ya ci gaba.

"Na ce ta kira mai ita mu ji daga bakinsa. Ta ce kana aji, ba a damun malami yana koyarwa, kuma so take ka dawo ka tarar an gama. Ta ce lallai kafin Juma'a. Na ɗauka wani aikin makaranta ne."

Duk zagin da na ɗauko ya zube a nan. Na nemi benci na zauna. Ya tambaye ni me ke ciki, na faɗa masa. Mutumin nan ya cire tabarau, ya dafe kai da hannu biyu, ya ce, "Wayyo Allah na." Sannan ya ce tasa mahaifiyar ta rasu ko hotonta ba shi da shi, da ya san abin da ke ciki da ko taɓa ta ba zai yi ba. Ya ture wayar da yake gyarawa gefe, ya ce in bar masa laftof ɗin, akwai hanyar da ake bi a tono abin da aka goge, wani lokaci ana dacewa.

Juma'ar nan ta zo ta wuce ba Malam. Na ce wa Umma mai gyara yana ƙarasawa. Ta kalle ni, ta sha shayinta, ba ta ƙara tambaya ba.

Ranar Asabar ya kira ni na je. Ya yi iya yinsa, idanunsa ma sun nuna. Ya tono tsoffin tambayoyin jarrabawa da ba na buƙata, da hotuna da rabinsu ya koma toka-toka. Muryoyin kuwa sunayensu kawai suka dawo. In ka kunna sai shuuu, kamar rediyon da ya rasa tasha. Sabuwar manhajar ta zauna daram a kan wurin da suke. Na sa kunne a jikin sifika ina neman ko tari ɗaya na Baba a cikin shuuu ɗin nan, ban samu ba.

Na dawo gida na tarar da Umma a tsakar gida tana tsince shinkafa, daidai inda Baba ke shimfiɗa tabarmarsa. Na tsuguna a gabanta. Duk hanyar da na shirya ta faɗa mata ta gudu, sai kawai na ce, "Umma, wankin da mutumin nan ya ce, ba na tsumma ba ne."

Na yi mata bayani a hankali. Hannunta ya tsaya a cikin faifan.

"Duka?"

"Duka, Umma."

"Har Kahfin?"

"Har shi."

Ta rufe bakinta da tafin hannu, idanunta a kaina, ko ƙiftawa ba ta yi. Ban taɓa ganin fuskar mahaifiyata haka ba, ko ranar jana'iza. Can ta sauke hannun ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta sake maimaitawa. Sannan ta yi magana, ba da ni ba, da faifan da ke cinyarta.

"Ranar da ya rasu, maza ne suka shiga suka yi masa wanka, ni ina ɗaki. Wannan karon ni na ɗauke shi da hannuna, na hau keke na kai shi, na ce a wanke shi tas."

Na ce laifina ne, ni na danna abin tun farko. Ta ce, "Yi mini shiru." Ta tashi ta shige ɗaki, shinkafar na nan har kaji suka far mata.

Gidan ya yi tsit na wani lokaci. Ba ta yi wa kowa faɗa ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Juma'a ta zagayo na kamo mata karatu a rediyo, ta saurara kaɗan ta ce in kashe, wannan sauri yake yi. Abinci ma sai ta tsakura ta ture. Na kira ƙanwata da ke aure a Tudun Wada na ce ta ƙetaro gada ta zo ta ga Umma.

Ta zo da rana. Muna zaune a falo mu uku, na ba ta labari tun daga talatin har caja. Ta yi salati ta yi kuka, sannan ta hau latsa wayarta. Har na fara jin haushi, ana wannan magana ita tana waya. Sai ta ɗago.

"Yaya, ka tuna ranar farko da ka fara ɗaukar Baba? Akwai wani ɗan guntu na gwaji da ka turo mini don in yi dariya. Ban taɓa goge shi ba."

Ni wallahi na manta da shi sam. Ta ƙure murya ta ajiye wayar a kan darduma.

Da farko ƙarar kwanuka ce, ƙwal ƙwal, daga nesa. Sai gyaran murya. Umma ta dafa ƙasa.

"Kai, wannan abin naka yana ji kuwa?" in ji Baba. Aka ji muryata ina cewa yana ji. Ya ce, "To, bismillah." Kwanukan suka ci gaba da ƙara. Sai ya ɗaga murya.

"Hajiya! Don Allah bar wanke-wanken nan tukuna."

Daga can nesa muryar Umma ta amsa, "To Malam, na kusa gamawa."

Shi ke nan, ya ƙare.

Ni da ƙanwata muka kalli juna, muka kalli Umma, tsoro ya kama ni kada abin ya ƙara mata. Sai kafaɗunta suka fara girgiza. Dariya take yi, hawaye na zuba har haɓa. Ta nuna wayar da yatsa.

"Kun ji ko? Kun ji mutumin nan? Tun yana da rai ya faɗa mini. Ni ce na ce sai na gama."

Ta sa aka maimaita mata har batirin ƙanwata ya yi ja. Ranar ta ci abinci.

Yanzu ɗan guntun nan yana wayata, yana wayar Umma, yana wajen duk wanda muka haɗa jini da shi, har abokina na Gonin Gora na tura wa ya ajiye mini. Labaran masaƙa da na ƙauye Umma ta haddace da yawa, takan ba jikokinta, tana kwaikwayon yadda yake jan magana. Kahfin ne dai ya tafi. Wani lokaci in na rufe ido ina jiyo farkonsa, amma kowace shekara muryar na ƙara nisa, kuma wannan yana yi mini ciwo har yau, ba zan ɓoye muku ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsakanin Umma da mai gyara babu wanda ya yi ƙarya ranar nan. Mai gyara Hausa ya yi, Umma Hausa ta ji, kowa ya tafi da tabbacin ya gane ɗan'uwansa. Tun daga lokacin, in ina yi wa babba bayanin waya ko kwamfuta, sai na ce ya maimaita mini abin da ya fahimta da bakinsa, ko da za a ce na cika naci. Kuma duk sanda na'ura ta rubuto mini wai in yi afdet, sai gabana ya faɗi, in kwashe komai tukuna, in leƙa janareta, sannan in danna. Sunan Injiniya dai Umma ba ta ƙwace ba, ko da yake ƙanwata na ganin ita ta fi cancanta.

Har gobe, Juma'a da sassafe Umma na shimfiɗa dardumarta ta ajiye shayi, ta ce in kira mata Malam. In kunna a waya. Kwanuka su yi ƙara, ya yi gyaran murya, ya tambaya ko abin yana ji. In ya kai inda yake cewa ta bar wanke-wanken nan tukuna, ba ta jira waccan muryar tata ta amsa. Takan riga ta.

"Na bari, Malam."